Kuɗin Mota Ko Tsoron Sallama: Me Ke Kai Ma'aikaci Teburin Awon Jini?

'Yan'uwa mazauna Kurmi, na Agege da Idi-Araba, na Sabon Badun da Shagamu, har zuwa Lokpanta da Fatakwal. Daga Jos nake rubuto muku, kuma maganar da na kawo yau a karar Bukuru ta samo asali, inda na taso ina riƙe wa mahaifina igiya.

Kwanakin baya wata ƙungiya ta zo kara da teburi da kujeru da ma'aikatan jinya, wai za a auna wa mutane hawan jini da suga kyauta. Aka kafa rumfa, aka yi shela da lasifika. Ranar kasuwa ta cika maƙil, tireloli na jiran lodi. Daga hantsi har azahar ina lura da rumfar nan, waɗanda suka zauna a kujerar ba su wuce ka ƙirga da yatsu ba: tsofaffi biyu-uku da suka daina shiga cikin shanu, sai mai shayi, sai wani da ya ɗauka magani ake rabawa. Bayan 'yan watanni wasu suka sake zuwa, su kuma duk wanda aka auna sai a miƙa masa ɗan kuɗin mota da sandar sabulu. Wallahi layi har bakin titi. Baba ya dube ni ya ce, "Ka ga mutanenka. Lafiya suka zo nema ko sabulu?"

Na yi dariya a lokacin, amma tambayar ta tsaya min a rai. Kuma ta shafe ku ma. Da yawanku gadi kuke yi a kamfanoni, ko tuƙi, ko lodi a Apapa, ko fawa a kwatar Oko-Oba. Lokaci-lokaci akan ce ga likitoci an kawo wurin aiki, kowa ya zo a duba shi. Wani wurin a haɗa da ɗan alawus, wani wurin a ce wanda bai zo ba ya kuka da kansa. To shin kuɗin nan yana aiki? In yana yi, wa yake jawowa, wa yake bari a baya?

Ashe an daɗe da gwada wannan a wasu ƙasashe, gwaji na ƙeƙe-da-ƙeƙe. A shekarar 2016 wasu masana uku, Damon Jones da David Molitor da Julian Reif, suka ɗauki ma'aikatan Jami'ar Illinois da ke Amurka kusan 5,000. Aka raba su ta hanyar ƙuri'a, ba wanda ya zaɓi inda zai faɗa. Cikin waɗanda aka gayyata awon lafiya, wasu ba a yi musu alkawarin ko sisi ba, wasu aka ce dala 100, wasu dala 200. Waɗanda ba a ba komai ba, kashi 47 cikin 100 suka je. Masu dala 100, kashi 59. Masu dala 200, kashi 63.

Tsaya ka dubi lissafin nan irin na ɗan kasuwa. Dala ɗarin farko ta ƙaro mutum 12 a cikin kowane ɗari. Ɗari ta biyu mutum 4 kacal ta ƙaro, alhali sai an biya kowa da kowa, har wanda da ma zai zo ko ba a ba shi komai ba. Kamar kiwon sa ne: buhun dusa na farko za ka ga jiki ya murje, amma in ya kai wani ƙadami, ko ka ninka dusar naman da zai ƙara bai biya kuɗinta ba. Kuma ko da dala 200 a tebur, fiye da kashi ɗaya cikin uku sun ƙi zuwa. Su ne nake so mu riƙe a rai, za mu dawo kansu.

Wani zai ce ai wannan Amurka ce, ina ruwan talaka. To ga Malawi, nan Afirka. A 2004 aka bi ƙauyuka ana yi wa mutane gwajin ƙanjamau kyauta, sannan aka ce su je wata rumfa su karɓi sakamako. Wata mai bincike, Rebecca Thornton, ta sa aka raba musu takardun kyautar kuɗi ta ƙuri'a, daga babu har zuwa kusan dala 3. Waɗanda suka zari babu, kashi 34 cikin 100 ne suka je karɓar sakamakonsu. Waɗanda suka samu ko da mafi ƙanƙantar kuɗin, wanda bai kai ladan aikin yini guda ba, adadinsu ya ninka. Haka kuma wanda rumfar ta yi wa nisa ya fi ƙin zuwa.

Me ya sa ɗan abin da bai taka kara ya karya ba yake ninka mutane? A ganina dalili biyu ne, kuma duka biyun na gan su da idona a kara.

Na farko, abin da ake kira kyauta ba kyauta ba ne ga mai cin hannu baka hannu ƙwarya. Ma'aikacin gwamnati in ya bar ofis awa biyu, albashinsa na nan. Ma'aikatan Illinois ma an ba su damar zuwa awon a cikin lokacin aiki ba tare da an yanke musu komai ba. Amma dillali in ya bar bakin shanu awa biyu, mai saye ya zo ya wuce, la'adar ranar ta tafi aljihun wani. Ɗan lodi in yana layi aka fara cika tirela, an sa wani a madadinsa. Mahauci kuwa aikinsa daga asuba ne zuwa hantsi, daidai lokacin da masu awo suke so, tunda wani awon sugan sai ka zo ba ka karya ba. Saboda haka in ka ga mutum ya ƙi rumfar kyauta ya bi ta kuɗin mota, kada ka yi saurin ce masa makwaɗaici. Asarar da zai yi ce aka rage masa. Nan ne na saba da Baba, ko da yake ban faɗa masa a gabansa ba.

Na biyu shi ne kunya. A wurinmu namiji ya je ya zauna gaban nas a tsakiyar kasuwa, sai a fara ƙus-ƙus: "Wane lafiya kuwa?" Amma in ana raba abu, kowa na da abin fakewa. "Kai ni sabulun na je karɓo wa iyali." Alhali a zuci ya daɗe yana jin jiri da ciwon ƙeya, yana son ya san me ke damunsa. Sabulun ya zame masa mayafi. Ni wannan ne babban amfanin ɗan hasafin, kuma ba sai ya yi yawa ba.

Yanzu mu dawo kan waɗanda ba sa zuwa ko nawa aka sa. Masanan Illinois sun duba su waye suka je, su waye suka noƙe. Sai suka tarar waɗanda suka je tun asali sun fi lafiya: kuɗin asibitin da suka kashe kafin shirin ya fi na sauran ƙaranci, sun fi zuwa motsa jiki. Masu ƙaramin albashi kuwa sun fi yawa cikin waɗanda ba su je ba. Wato kyautar ta fi faɗawa hannun wanda bai cika buƙatar awon ba.

Na san wani ɗan unguwarmu da ke gadi a wani kamfani a nan Jos. Duk ranar da aka ce likitoci za su zo, ranar ce yake samun rasuwa a ƙauye. An sa alawus, bai je ba. Na tambaye shi dalili, ya ce, "Ɗan'uwa, in suka ga wani abu a jinina, takardar hannun wa za ta je? Ni ɗan kwangila ne, ko takardar ɗaukar aiki ba ni da ita. Ranar da manaja ya ji ina da ciwo, washegari wani ne a bakin get." Ka ga wannan lissafinsa daidai ne. Ana nuna masa kuɗin yini guda, shi kuma yana hango abincin 'ya'yansa na shekaru. Ba alawus ɗin da zai rinjayi wannan tsoron. Kuma abin takaici, mai irin wannan tsoron sau da yawa shi ne wanda ya riga ya fara jin alamu a jikinsa.

A nan ya kamata ku san abin da doka ta ce. Dokar hana nuna wariya ga masu ɗauke da ƙanjamau ta 2014 ta haramta wa mai ɗaukar aiki ya mayar da gwajin ƙanjamau sharaɗin ba ka aiki, ko ya kore ka don kana ɗauke da cutar. Dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a watan Yunin 2023 kuma ta sa bayanin lafiyar mutum cikin bayanai masu tsauri, waɗanda ba a yawo da su yadda aka ga dama. Gaskiya doka a takarda daban, a bakin get daban, kowa ya sani. Amma ko ba komai kana da hurumin ka tambaya kafin ka miƙa hannu: me da me za a auna, kuma wa zai ga sakamakon? In aka ce ofishin ma'aikata za a kai takardun kowa da sunansa, to ka san inda ka tsaya. Wurin da ake abin tsakani da Allah, kai ake ba takardarka a hannu, kamfani jimilla kawai yake gani, ba suna.

Akwai kuma wani abu da Baturen da ya yi bincike a Amurka ba zai lura da shi ba, amma mu mun san shi. A wurinmu kuɗi in ya yi yawa, korar mutane yake yi. Ka ce za ka ɗebi jinin Bahaushe ka ba shi kuɗi mai tsoka, nan take zai ce ruwa ba ya tsami banza, me za su yi da jinin? Kuma ba za ka ga laifinsa ba. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a kan yara 200, yara 11 suka rasu, aka shafe shekaru ana shari'a. Wannan tabon na cikin abin da ya sa a 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano har cikin 2004. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Shi ya sa kuɗin mota da kowa ya gane ma'anarsa ya fi kwanciya a rai a kan ambulan mai kauri. Kuma in sarkin fawa ko shugaban kara ko limamin masallacin Juma'a ya fara nannaɗe hannun riga aka auna shi a bainar jama'a, wannan ya fi ƙarin kuɗi jawo mutane.

Wasu kamfanonin kuma ta baya suke biyowa, maimakon kyauta sai tara. An yi haka a Jami'ar Yale ta Amurka, inda ake yanke wa ma'aikacin da ya ƙi shiga shirin awon lafiya dala 25 duk mako, wato dala 1,300 a shekara. Ma'aikata suka kai ƙara a 2019, a 2022 jami'ar ta amince ta biya dala miliyan 1.29 a sasanta. Tara tana cika layi, ba musu. Amma mai karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, in ka ce za ka taɓa masa ko dubu biyu, ai ba zaɓi ka ba shi ba, wuƙa ka sa masa a wuya. Ni ban ga alheri a ciki ba.

To a ce an yi nasara, layi ya cika, an auna kowa. Lafiya ta ƙaru? Nan ne labarin ya yi tsami. A Illinois an bi mutanen nan har shekara biyu, aka kwatanta waɗanda aka gayyata da waɗanda ba a gayyata ba: ba wani bambanci na a-zo-a-gani a hawan jininsu, ko nauyinsu, ko kuɗin asibiti, ko fashin aiki. Wani binciken da Zirui Song da Katherine Baicker suka fitar a 2019, kan ma'aikata kusan 33,000 na kantunan BJ's Wholesale Club, shi ma haka: bayan wata 18 mutane sun ce sun ƙara motsa jiki da lura da ƙibarsu, amma da aka auna, jiki bai nuna canji ba.

Kada wani ya ce to ashe awo banza ne. A'a. Hawan jini ba ya sallama. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2023 mutum ɗaya cikin manya uku na da shi, kuma kusan rabinsu ba su sani ba, sai ranar da ɓarin jiki ya shanye ko ƙoda ta tsaya. Awo ne kaɗai ke tona shi. Matsalar ita ce awo ƙofa ce kawai. Ku dubi abin da ƙungiyar New Incentives ke yi a jihohi irin su Katsina da Jigawa da Zamfara, inda ake ba uwa ɗan kuɗi in ta kai jaririnta rigakafi. Can kuɗin na sayen abin da ake nema kai tsaye, domin da zarar allura ta shiga, aiki ya gama. Awon jini ba haka yake ba. An ce maka jininka ya haura 140 bisa 90, an rubuta a 'yar takarda, rumfa ta naɗe, masu farar riga sun hau mota. Saura kai da sake awo a wata ranar don a tabbatar, da ganin likita, da sayen ƙwaya duk wata, wataƙila har ƙarshen rayuwa. Na sha ganin irin takardar nan a aljihun dillalai ta yi laushi, ta sha gumi, wani ma ya rubuta lissafin shanu a bayanta. Ko gangamin da kwamishinonin lafiya na jihohi suka yi a ƙarshen Oktoban 2024, na neman auna mutum miliyan 10 hawan jini da suga cikin mako guda, abu ne mai kyau, amma tambayar ɗaya ce: wanda aka samu da ciwon, wa ya riƙe hannunsa bayan makon?

Don haka da ni za a tambaya, kamfani ko ƙungiyar 'yan kara da ke da ɗan kuɗin kashewa, kada ta zuba shi duka a ranar awo. A ba da kuɗin mota daidai wa daida, a sa awon bayan la'asar ko ranar da kasuwa ba ta ci, a kawo shi cikin kara ba a ce mutum ya hau mota zuwa Lamingo ba. Ragowar a ajiye wa wanda aka samu da ciwo: kuɗin motar komawa asibiti, maganin watannin farko, ko a biya masa rajistar inshorar lafiya. A Filato akwai hukumar PLASCHEMA, ku na Ikko kuna da Ilera Eko, kuma tun 2022 doka ta ce inshorar lafiya wajibi ce ga kowa, ko da yake a kara in ka ambaci inshora sai a ɗauka ta mota kake nufi. Ƙungiyoyinmu suna karɓar kuɗin shiga a kan kowace saniya da kowace tirela. In ana iya haɗa kuɗin kai gawa gida daga Kurmi, kuma kullum ana haɗawa, ban ga abin da zai hana a haɗa na ƙwayar hawan jini ba.

Sannan a auna abin da ya shafi sana'ar. Abin dariya abin kuka, saniyar da za a yanka a kwata ƙa'ida ce likitan dabbobi ya duba ta, ga cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom nan kusa da mu tun 1924, amma wanda ke cusa hannu cikin jinin da tumbin ba mai duba shi. Bakkale da ke sa shanu ɓari tana kama mutum ta ɗanyen nono da mahaifa da jini, ta zo da zazzaɓi mai tafiya yana dawowa da ciwon gaɓoɓi, a yi ta shan maganin maleriya da taifot a banza. Tarin fuka ma akwai na shanu da ke kama mutane, kuma gwajin tibi da maganinsa kyauta ne a asibitocin gwamnati da aka ware. Ga ciwon hanta nau'in B, wanda binciken ƙasa na 2018 ya samu a jikin kusan mutum 8 cikin 100 na manya, ga mu da wuƙaƙe da yankan hannu da askar wanzami ɗaya. Shi kuwa yana da rigakafi. Mahaucin da aka ce masa za a duba masa waɗannan zai fi sauraro a kan a ce masa ya hau sikeli.

Baba dai duk zuwan nan biyu bai leƙa rumfar ba, sabulu kuwa ba abin da zai tayar da shi daga kan buzunsa ba ne. Sai da wani abokin cinikinsa na shekaru ya yanke jiki ya faɗi a wata kara a Kudu, aka dawo da shi gida ba baki ba hannu. Bayan kwana biyu ya ce in kira masa wani ma'aikacin asibiti da ke layinmu, amma bayan isha'i, kuma ta ƙofar baya. Aka auna, jinin ya hau sosai. Aka sake bayan kwana uku, haka. Yanzu yana shan magani, ni nake karɓo masa. Da na tambaye shi me ya sa bai yi a kara ba tunda kyauta ne, sai ya ce, "Kai yaro ne. Kasuwar nan a kan bashi take tafiya. Ranar da aka ji Alhaji ba lafiya, wanda nake bi zai fara jan ƙafa yana jira, wanda ke ba ni shanu kuma zai ce sai kuɗi hannu." Ya ce ko yanzu in zan kawo ƙwayar, in cire ta daga kwalinta in sa a ledar goro.